Ciranjin Inna

Makon jiya aka binne na ƙarshensu, ni kuwa ban san shi aka binne ba sai bayan kwana biyu. Jikata ce ta karanto mini sanarwar daga wayarta, wai wani Malam Sani mai facin taya a bakin titin Mokola ya rasu. Na yi masa addu'ar da ake yi wa wanda ba a sani ba, na ci gaba da tsintar wakena. Sai da wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta shigo, tana zama ta ce, "Ashe Ciranji mai faci ya riga mu gidan gaskiya?" Nan na ajiye faifan. Jikar tawa ta ɗago kai ta ce, "Hajiya, wane irin suna ne kuma Ciranji? Bari in duba." Ta ɗan latsa wayar, ta ce, "Laa, sunan Indiyawa ne fa, na 'yan Hindu. Wai mai tsawon rai, ko wanda ba ya mutuwa. Abeg, su waye suka sa wa ɗan Musulmi wannan?" Ta yi dariyarta ta koma kan abin da take kallo. Ban ce mata mu ne ba. Ban kuma ce mata rabin ma'anar nan na biyu, da ta samo kafin ruwan shayi ya tafasa, mu sai da muka shekara goma sha shida kafin mu ji shi, kuma jin nasa bai zame mana alheri ba.

Sabo, unguwar Hausawa ta Badun, da na tashi a cikinta ba wannan ba ce ta okada da keke da masu canji suna tare mutum a hanya. Unguwar goro ce da shanu. In ladan ya sauka, sai ka ji nishin motocin da suka kwana a hanya daga Arewa, sai hayaniyar 'yan dako, sai warin jiƙaƙƙen ganyen da ake naɗe goro ya cika lungu. Babanmu ɗaurin huhun goro ne sana'arsa, tafin hannunsa duk kanta saboda jan igiya. Ruwan Kurmi kuwa in ya sauko a kan tsofaffin kwanonin Badun, ko uwarka ce ke kiranka daga ɗaki ba ka ji. Mu 'yan mata talla ce aikinmu, daga hantsi har la'asar. Amma akwai wani sauti da 'yan yanzu ba su san yawansa ba, kuma ina roƙon Allah kada su sani. Kukan mace ne daga cikin gida, gajere, don manya ba sa bari a yi wa jariri dogon kuka, sai a ce za ki hana shi cetonki gobe ƙiyama. Jim kaɗan ka ga namiji ya fito da 'yar tabarma a naɗe a hannu, ko makara ba a ɗauka, mutum uku ko huɗu na biye da shi. Mu kan ja gefe da farantinmu su wuce, sannan mu ci gaba da kiran a sayi goro.

Sau huɗu irin wannan tabarmar ta fita daga gidanmu. Ni ce 'yar fari, na tsaya da ƙafata kamar jaki, ko mura ba ta cika kama ni ba. Bayana Inna ta haifi maza huɗu a jere, babu wanda ya kai yaye. Wabi ke nan, mace ta yi ta haihuwa ƙasa na cinyewa, har a ce yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Ba abin da ba a yi ba. Na biyu an kai shi kan juji an ajiye, wata ta tsinto shi, aka ce masa Ajuji, don mutuwa ta ɗauka ba a son sa. Na uku Mantau aka ce masa, ba ta manta ba. Na huɗu sayar da shi aka yi, irin sayarwar al'ada, ga wata Bayarabiya mai sayar da eko, wato kafar masara, a bayan gidanmu, ta ba da goro ta karɓe shi, ta sa masa irin sunan da suke sa wa nasu da suke kira abiku, ta dawo da shi a matsayin ajiya. Ƙyanda ta ɗauke shi yana wata goma. Daga nan Inna ta zama abin da ba na son tunawa. Ta daina kitso, ta daina lalle. In ta shiga gidan suna, sai ka ga mai jego ta gyara zani ta rufe jaririnta, ana ta yi mata sannu da zuwa amma ba mai miƙa mata shi ta ɗauka. Ita ma ta gane, ta daina zuwa.

Ina da shekara tara ta haifi na biyar. Kwana biyu ba ta kalli fuskarsa ba, tana ba shi nono kanta na kallon bango. Ungozomar unguwarmu, Gwaggo Asabe, tsohuwa ce mai taba a leɓe da bakin da ba ya shakkar kowa. Ita ce ta zauna a bakin gado ta ce, "Ni na gano inda muke kuskure. Mutuwar Badun ta ji Hausa, ta ji Yarbanci, a nan ta girma kamar 'ya'yanmu. A nemo mata harshen da ba ta ji." Baba daga bakin ƙofa ya ce, "Gwaggo, a ji tsoron Allah." Ta ce, "Tsoronsa nake ji, Malam. Kai ka je ka nemo rago, ka bar mata da nasu." Bai ƙara magana ba, don shi ne ya ɗauki tabarmi huɗun nan da hannunsa.

Ni na kawo shawarar inda za a je, kuma na daɗe ina alfahari da haka. Tallata takan kai ni har kantunan yadi na Dugbe, inda wani maigadi ɗan Arewa yake sayen gorona kullum. Kantin na wani Ba'indiye ne, matarsa na zama a can ciki kusa da tulin yadi, da jan ɗigo a goshinta, ba ta magana da kowa. Ranar da jaririn ya kwana biyar Gwaggo ta goya shi, ta lulluɓe, na shige gaba muka tafi a ƙafa. Maigadin ya yi ta kame-kame kafin ya yarda ya shiga da mu, ya yi wa matar bayani da ɗan Turancin buroka da ya iya. Na zaci za ta kore mu ko ta yi dariya. Sai ta ɗaga yatsu huɗu tana kallon Gwaggo, alamar tambaya, Gwaggo ta gyaɗa kai. Matar ta miƙo hannu biyu ta karɓe shi. Ta daɗe tana kallonsa, na ga idonta ya kawo ruwa, har yau ban san abin da ta bari a ƙasarsu ba. Ta sa almakashi ta yanko jan ƙyalle ta ba Gwaggo, kuɗin saye ke nan, sannan ta dafa kansa ta ce, "Ciranjib." Gwaggo ta ce wa maigadin, "Tambaye ta, me ke nan?" Ya tambaya, ya juyo ya ce, "Wai mai tsawon rai." Gwaggo ta ce, "To ai addu'a ce." A hanya ta yi ta maimaita sunan don kada ya ɓace mata, kafin mu iso Mokola ƙarshensa ya guntule, ya koma Ciranji.

Ranar suna an yanka rago kamar na kowa, don Baba ba zai bar ɗansa ba sunan Musulunci ba. Amma ya roƙi liman ya faɗe shi a hankali, ya kuma toshe bakin sanƙira tun da wuri kada ya shelanta. Mutanen zaure suka shafa fatiha ba su san sunan wa suka shafa wa ba. Ni kuwa lokacin na shigo da farantin goro, na durƙusa dab da liman, kunnena ya ɗauka. Da yamma Inna ta kira ni ɗaki. Ba ta faɗin sunana, kasancewata 'yar fari, "ke" take ce mini. Ta ce, "Ke, na san kin ji. Ki haɗiye shi. Ranar da ya fito daga bakinki, ranar kin kashe ni." Na ce to, na kuwa riƙe shekara da shekaru.

Yaro ya rayu. Ya yi haƙori, muna jira. Ya yi ƙyanda, gidan ya yi tsit mako biyu, ya tashi. Aka yaye shi, ya shiga makarantar allo, ya shiga ta boko, ko a rajista Ciranji aka rubuta. An huda masa kunne ɗaya an sa zare, yadda ake yi wa ɗan wabi, kuma ba a taɓa dukansa ba. Ni in na fasa kwano sai na kwana da shatin tsintsiya a baya, shi in ya fasa sai a ce Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Tsokar miya tasa ce, ni ƙashi. Zan faɗi gaskiya tunda na tsufa, na ji haushinsa, haushi mai yawa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaron bai lalace ba balle in samu abin faɗa. Mai sanyin hali ne, mai yawan dariya, ga son tattabaru, ya cika bayan ɗakin Inna da akurki. In an ba shi tsokar nan sai ya faki idon Inna ya jefo mini a kwanona ya ce, "Yaya, ci da sauri." Inna kuwa ta dawo mutum. Ta koma kitso, ta koma shiga biki, har waƙa nakan ji tana yi in tana daka. In ya yi jinkirin dawowa daga makaranta, tana bakin zaure da mayafi a hannu.

Labari ba ya ɓuya a Sabo. Matan da ke fama da irin ciwon Inna suka fara sallama a gidanmu, su zauna su yi ta kallonsa yana wasa. Wasu suka je neman Ba'indiyar, aka ce sun tashi sun koma Ikko. Sai suka ga ai ba sai da ita ba, sunan ne maganin. Aka samu Ciranjin gidan mahauta, da Ciranji Dogo, da Ciranji Baƙi, da wannan mai facin da aka binne, har da wata mace da uwarta ta ce ita ba ta ga dalilin da maza za su cinye abin su kaɗai ba. Yarabawan da muke maƙwabtaka da su suna cewa Siranji, har na ji wata ta sa wa nata. Lokacin kuma samari sun fara zuwa kallon fim ɗin Indiya a silima, sai sunan ya ƙara farin jini, wanda ba ɗan wabi ba ma yana sha'awarsa. In ka tsaya a bakin masallaci ka ƙwala kiran Ciranji, kai uku za su waiwayo. Wasu daga cikin masu sunan sun mutu a zanin goyo kamar yadda aka saba, amma waɗannan ba mai lissafa su. Namu ake nunawa, ga shi nan yana tafiya da ƙafarsa.

Baba ya rasu yaron na shekara goma, Gwaggo Asabe ta bi shi ba da daɗewa ba. Ni an yi mini aure a nan cikin unguwa, lungu uku tsakanina da gida. Sai aka buɗe makarantar matan aure ta bayan la'asar, na shiga da zafina. A nan na fara sanin abin da nake faɗa a salla, kuma har gobe ina gode wa malaman nan. Amma sabon ilimi a kan mai kaifin baki kamar sabuwar wuƙa ce a hannun yaro, komai ya gani sai ya gwada. Na bi layun 'ya'yana na tsinke, na hana turaren da ake yi wa mai jego, na yi faɗa da rabin matan lungunmu.

Ana cikin haka, wata rana Ciranji ya biyo ta gidana daga makarantar sakandare, yana ta murna. Ya ce an kawo musu sabon malamin lissafi Ba'indiye, da ya zo kan sunansa a rajista sai ya cire tabarau ya ce wa ya ba ka wannan. Ya ce, "Yaya, ashe sunana babba ne! Ya ce daga tsohon harshen littattafansu yake, kalma biyu ce aka haɗa, tsawo da rai. Iyaye na sa wa ɗa don ya daɗe. Kuma wai a addininsu akwai wasu bayi da mutuwa ba ta taɓa su, suna nan a duniya har ƙarshen zamani, su ake kira haka. Wanda ba ya mutuwa ke nan." Yana faɗa yana dariya. Washegari na kai wa malaminmu tambaya. Ya ce babu mai tabbata sai Allah, kiran ɗan Adam da wannan bai dace ba, kuma ɓoye yaro daga ajali aikin jahiliyya ne. Ya ƙara da cewa a bi tsofaffi a hankali, da hikima. Wannan ƙarshen ban ji shi ba, don na riga na miƙe.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, shi yana kan katanga yana watsa wa tattabaru dawa. Ko zama ban yi ba, na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji na ce, "Haruna! Sauko ka gaishe ni." Rariyar ta suɓuce daga hannun Inna. Ta tashi da gudu, mace mai ciwon gwiwa, ta rufe ƙofar gida ta sa sakata da rana tsaka. Ta dawo tana haki ta ce, "Wa kike kira?"

Na ce, "Ɗanki nake kira, Inna, da sunan da aka yanka masa rago. Wancan sunan na masu bautar wani abu ne, ma'anarsa wanda ba ya mutuwa. Shekara goma sha shida muna saɓo ba mu sani ba."

Ta ce, "Ni mai tsawon rai aka ce mini." Sai ta durƙusa, uwata, a gabana, ta kama bakin zanina. "Ba na jayayya da malamanku, sun fi ni sani. Ki bar mini shi kawai. In na mutu ku kira shi abin da kuka ga dama. Kwana nawa ya rage mini?"

Na ce, "Inna, ajali ba ya tambayar suna."

Shi kuwa ya sauko daga katangar yana kallonmu, ya ce, "Yaya, ashe ina da wani suna?" Ya faɗe shi a hankali, sau biyu, kamar mai ɗanɗana miya. Sai a lokacin na tuna shi kansa ba a taɓa gaya masa ba. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ya karɓi sunan hannu biyu. Ashe ya daɗe yana jin ciwon tsokanar abokai, masu ce masa bawan Indiya, mai kunnen mata. Ya cire zaren kunnen, ya rubuta Haruna a bangon littattafansa, ya sa aka gyara a makaranta. Inna kaɗai ya bari tana kiransa Ciranji, yana amsa mata. Ta koma ba ta barci sosai, ta rame, in ya yi tari sau ɗaya sai ta miƙe tsaye. Wata bakwai ba abin da ya same shi, har ƙiba ya yi. Ni kuwa duk shigata gidan sai na ce, "Inna, ga Harunanki dai har yau yana cin tuwo." Ina faɗa ina dariya. A cikin duk abin da na yi, wannan dariyar ce ta fi hana ni sukuni.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kama shi. Inna ta ɓoye mini kwana huɗu tana ba shi saiwa da rubutu da agbo, jiƙon Yarabawa. Rana ta biyar da na shiga, na tarar cikinsa ya kumbura ya yi tauri, idonsa a buɗe amma bai san wanda ke kansa ba. Na yi faɗa, na nemo mota, muka kai shi babban asibiti ni da ita. A tagar yankan kati aka tambayi sunan marar lafiya, na ce Haruna, da ƙarfi, ina kallon Inna ta gefen ido. Aka nuna mana wata doguwar baranda mai benci, cike da jama'a, aka ce mu jira a kira mu. Muka kwantar da shi, kansa a cinyarta. Muka zauna tun hantsi har azahar ta wuce, layi bai zo kanmu ba. Ni kuma na baro jaririya 'yar wata uku a wurin maƙwabciya, nono ya cika mini har ya jiƙa riga. Na ce, "Inna, bari in je in ba ta ta sha, in taho muku da kunu. In kin ji an kira Haruna ki ɗaga hannu, za su zo su ɗauke shi." Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, ni kuma ban tsaya na lura ba.

Ruwa ya tare ni a hanya, ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar barandar ta yi sauƙi, waɗanda suka zo bayanmu duk an shiga da su, Inna na nan inda na bar ta, ta lulluɓe shi da mayafinta har fuska. Wata Bayarabiya da ke gefe ta ce mini da Yarbanci, "Ba ku ne masu Haruna ba? Nas ta kira sau uku. Na taɓa mama na ce ko ku ne, ta ce babu mai wannan suna a nan." Na juya kan Inna, a gaban mutane, na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa uwa. Ba ta ko ɗago ba. Na bi ofis ofis ina roƙo har aka tono katin daga ƙasan tuli, aka shiga da shi dab da magariba. Likita ya ce zazzaɓin ya huda hanji, ya ce da mun zo da wuri. Ban sani ba ko kwanaki huɗun gida yake nufi ko awa ukun benci, ban kuma tambaya ba, don ina tsoron kowace amsa. Washegari da hantsi ya cika. Wannan karon da makara aka fita, samari suna ta karɓa-karɓa, unguwa ta cika har titi.

Bayan haka matan da ke da masu sunan suka ƙara ƙanƙame shi. In na biyo lungu sai ka ga uwa ta janye ɗanta ciki, kamar yadda aka taɓa yi wa Inna a gidajen suna. Malamai suka ce mini ba ni da laifi, kwanansa ne ya ƙare, kuma na yarda, har yau a kan haka nake. Sunan dai bai ƙara yaɗuwa ba. Aka zo ana yi wa yara allura, aka samu ruwan famfo da ƙananan asibitoci, 'yan tabarmin nan suka ragu, karatu ya yawaita, masu sunan da suka girma suka bi ɗaya bayan ɗaya suka koma sunayensu na yanka. Matan yanzu suna zaɓen suna tun ciki na wata biyar, su buga shi a jikin kofi da leda a raba wa jama'a, ba mai tsoron kowa ya ji. Ba na kewar wancan zamanin, wanda ya ce yana kewarsa bai ga abin da muka gani ba. Abin da ke damuna kawai, ba wanda ya rage da zai gane cewa matan nan ba wawaye ba ne, mutane ne da aka ƙure.

Inna ba ta taɓa cewa ni na kashe shi ba, ko sau ɗaya, ko a bayan idona. Da ta faɗa da na samu abin yin musu. Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, na same ta a ɗaki tana ninke kayan makarantarsa za a bayar. Na zauna in taya ta, na shirya jawabina tsaf a kan ƙaddara da haƙuri, har da neman gafarar abin da na faɗa mata a asibiti. Kafin in buɗe baki ta riga ni, idonta a kan rigar da ke hannunta.

Ta ce, "Ke, na ji ta. Kada ki ɗauka ban ji ba. Ban ga mai kiran ba, murya ce kawai daga ƙarshen baranda, ta mace, ba ta ko gaggawa. Huɗu na miƙa da hannuna. Wannan na ɓoye shi shekara goma sha shida, ga shi a cinyata jikinsa kamar garwashi, a gidan da ake fitar da gawa ta ƙofar baya, sai na ji ana kiransa da sunan nan. Ta kira, ta jira. Ta sake kira, ta jira." Sannan ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, tambaya ce ta gaskiya. "Ke mai ilimi, da ke ce a kan bencin nan, da kin amsa?"

Ni da ba a taɓa jefo mini magana na rasa ta mayarwa ba, na buɗe baki na rufe. Ta jira ni, ta daɗe tana jira, sannan ta ɗauki wata rigar ta ci gaba da ninkewa. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kullum ina gidanta safe da yamma. Ba ta sake tambayata ba, ni ma ban ba ta amsa ba.